Daga Zagami Zuwa Agadas: Wa Ke da Dutsen da Ya Faɗo Daga Duniyar Mars?

Ranar 3 ga Oktoba 1962, wani manomi a Zagami, kusa da Faskari a tsohon Lardin Katsina, yana cikin korar tsuntsaye daga gonarsa sai ya ji ƙara kamar faɗuwar aradu. Iska ta buge shi, wani abu ya daki ƙasa a gefensa, tazarar da ba ta wuce mita 3 ba. Da aka tona ramin sai ga dutse mai baƙar fata, nauyinsa kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai na Kaduna aka ajiye. A ranar babu masanin da zai iya bugun ƙirji ya ce ga inda dutsen ya fito. Sai da aka shekara 20 da 'yan kai kafin hujja ta bayyana cewa ɓallin duniyar Mars ne. A duk tarihin da aka rubuta, sau 5 kacal aka ga faɗowar dutsen Mars da ido aka kuma tsince shi: Chassigny a Faransa a 1815, Shergotty a Indiya a 1865, Nakhla a Masar a 1911, Zagami a 1962, sai Tissint a Maroko a 2011. Ɗaya cikin biyar ɗin nan a gonar Bakatsine ya sauka.

A watan Nuwamba 2023 aka tsinci wani a hamadar jihar Agadas ta Nijar. Nauyinsa kilo 24.67, babu ɓallin Mars da aka sani a doron ƙasa da ya kai shi. Aka yi masa rajista da suna NWA 16788 (NWA na nufin Arewa maso Yammacin Afirka), ya bi ta Italiya, ya ƙare a New York, inda kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi ranar 16 ga Yuli 2025 a kan dala miliyan 5.3 har da la'ada. Idan aka raba, giram ɗaya ya tashi kusan dala 215, wajen ninki biyu na farashin zinariya a lokacin. Mai saye ya ɓoye sunansa, mai sayarwa ma haka. Gwamnatin Nijar ta ce za ta binciki yadda dutsen ya fita, ta kuma dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama daga ƙasar. Kamfanin kuwa ya ce da takardu aka fito da shi bisa ƙa'ida.

Fushin da aka yi a Yamai yana bisa hanya. Sai dai a ganina, idan aka tsaya a kan haramci kaɗai, an bar jaki ana dukan taiki. Kafin dutse ya kai zauren gwanjo an riga an yi asarar rabin amfaninsa tun a gona ko a kan yashi, a hannun wanda ya fara ɗaukarsa. Mutumin nan shi ya kamata doka ta fara tunawa da shi, ta koya masa abin da zai yi, ta kuma biya shi.

Mai hankali zai fara da tambaya: ta yaya aka san na Mars ne, alhali babu wanda ya je can ya dawo da ko tsakuwa? Amsar tana cikin iska. A 1976 kumbunan Amurka guda biyu, Viking 1 da Viking 2, suka sauka a Mars suka auna iskar da ke can. Kashi 95 cikin 100 kabon dayoksaid ce, sauran kuma naitirojin da argon da 'yan burbushin wasu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kowane sinadari yana da nau'i mai nauyi da marar nauyi, kuma yadda suka cakuɗa a kowace duniya daban yake, kamar tsagen gado a fuska. Lokacin da ƙaton dutse ya yi karo da Mars, ƙarfin bugun yakan narkar da wasu 'yan aljihuna a cikin duwatsun wurin su koma gilashi nan take, su kulle iskar da ke kewaye a cikinsu. A 1983 Donald Bogard da Pratt Johnson na cibiyar NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, da ke Houston suka gasa irin wannan gilashin daga wani dutse da aka tsinta a Antaktika, mai lamba EETA 79001, suka auna iskar da ta fito. Ta yi daidai da abin da Viking ya auna. A 1995 aka sami wannan tsagen a cikin gilashin Zagami shi ma.

Akwai shaidu biyu na ƙari. Oksijin da ke cikin dutse nau'i uku ne, mai nauyin 16 da 17 da 18, kuma ma'auninsu a duwatsun Mars ya saɓa wa na duniyarmu da na wata. Sai kuma shekaru. Galibin duwatsun sama sun kai shekara miliyan 4,560, wato sa'annin rana ne. Zagami kuwa yaro ne a cikinsu: ya daskare daga narkakken dutse kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce. Ƙananan duwatsun da ke yawo tsakanin Mars da Jupita sun huce tun da daɗewa, ba su da zafin cikin da zai yi aman wuta a wannan lokacin. Sai duniya mai girma.

A dubi tafiyar da ya yi. Kafin dutse ya kuɓuce wa Mars dole a cilla shi da gudun da ya haura kilomita 5 a sakan ɗaya, wato kilomita 18,000 a awa. Zagami ya yi wajen shekara miliyan 3 yana kewaya rana, an san haka ne daga sinadaran da hasken sararin samaniya ya haifar a jikinsa. Sannan ya shigo iskarmu da gudun da ya wuce kilomita 11 a sakan, fatarsa ta narke, ya faɗi a gona lokacin kaka. Wani abin mamaki, a 1996 aka maƙala 'yar ƙwayarsa a jikin kumbon Mars Global Surveyor. Kumbon ya isa a 1997, ya daina magana a 2006, amma har yanzu yana kewaya Mars da ƙwayar Zagami a jikinsa.

Don a gane darajar abin da ya faɗo mana kyauta, a duba abin da wasu ke kashewa. Kumbon Japan mai suna Hayabusa2 ya yi shekara 6 a hanya ya dawo a Disamba 2020 da giram 5.4 na ƙasar Ryugu, wani ƙaton dutse mai kewaya rana, abin da bai fi cikin ƙaramin cokali ba. Na Amurka, OSIRIS-REx, ya tashi a 2016 ya dawo a Satumba 2023 da giram 121.6 daga wani irinsa mai suna Bennu. Motar bincike ta Amurka mai suna Perseverance tana Mars tun 18 ga Fabrairu 2021 tana cika bututai da ɓallin duwatsu, kuma kwamitin da ya duba shirin ɗauko su a 2023 ya ƙiyasta dala biliyan 8 zuwa 11. Gaskiya ne abin da kumbo ya ɗauko ya fi tsabta, an kuma san ainihin inda aka ɗebe shi, dutsen da ya faɗo da kansa kuwa ba ya zuwa da adireshi. Duk da haka, duwatsun Mars da aka yi wa rajista wajen 400 ne kacal cikin duwatsun sama fiye da 70,000, kuma su kaɗai ne Mars ɗin da ɗan Adam zai iya sa wa hannu a ɗakin gwaje-gwaje a yau. Ƙasar da ba ta da kuɗin tura kumbo, ga rabonta na binciken sararin samaniya kwance a ƙasa.

To, ina ake ɓata shi?

Ɓarnar farko mayen ƙarfe ne. Duk mai neman dutsen sama a Sahara yana yawo da shi a aljihu ko a bakin sanda, domin fiye da 8 cikin 10 na duwatsun da ke faɗowa suna ɗauke da ƙwayoyin ƙarfe da nikel, suna kama shi. Matsalar ita ce dutse yakan riƙe tarihin maganaɗisun duniyar da ya daskare a cikinta, kamar kaset, kuma taɓawa ɗaya da mayen ƙarfe mai ƙarfi tana share kaset ɗin ta ɗora nata. A 2023 masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka da takwarorinsu na Faris suka gwada ɓangarorin NWA 7034, wani dutsen Mars da aka tsinta a Sahara a 2011 mai ɗauke da ƙwayoyin da suka kai shekara biliyan 4.4. An sa rai zai faɗi yadda maganaɗisun Mars yake kafin ya mutu. Duk ɓangaren da suka gwada, mayen ƙarfen 'yan kasuwa ya riga ya goge shi. Abin haushin ma, dutsen Mars irin Zagami da ƙyar yake kama mayen ƙarfe, don haka gwajin yakan sa a jefar da mafi tsada a ɗauki na gama-gari. Idan dole ne a gwada, a gwada a kan ɗan ɓallin da ya riga ya fita, uwar dutsen kuwa a nisanta ta.

Ta biyu ruwa ne. Mutum ya tsinci abu baƙi, sai ya wanke don ya ga kyansa. Ruwa yana narkar da gishirin da ke ciki, yana sa ƙarfen tsatsa cikin kwanaki, gumin hannu ma haka yake yi. Sabon dutse da takardar alminiyom mai tsabta ake ɗaukarsa, irin wadda ake naɗe nama, a sa a busasshiyar kwalba ko sabuwar leda, a ajiye inda babu laima. Ba a shafa masa mai, ba a goge shi da buroshi. Na Winchcombe da ya faɗi a Ingila ranar 28 ga Fabrairu 2021 an kwashe kason farko cikin awa 12, kafin ruwan sama ya taɓa shi, shi ya sa aka iya auna ruwan da ya zo da shi daga sama ba tare da ya gauraya da namu ba. Gaggawa tana da wani dalilin: wasu sinadaran da ke nuna girman dutsen kafin ya fashe suna ƙarewa cikin makonni.

Ta uku guduma ce. Ranar 3 ga Afrilu 1984 dutse mai kimanin kilo 100 ya faɗi a yankin Gujba, a jihar Yobe ta yanzu. Nau'insa ba kasafai ake samu ba, curarrun ƙarfe ne a cikinsa kamar an zuba gujjiya. Mutane suka farfasa shi kowa ya ɗebi rabonsa don tsari. Ban ga laifinsu ba. Babu wanda ya taɓa gaya musu abin da ke hannunsu, kuma al'ummar da ta gaji ajiye gatarin aradu a ɗaki ba za ta ga baƙon dutse daga sama ta wuce ba. Wanda bai je ya yi bayani ba shi ke da tambayar amsawa.

Ta huɗu ita ce ɓatan wuri, kuma ita ta fi yawa. Haruffan NWA suna nufin Arewa maso Yammacin Afirka, suna ne da ake ba dubban duwatsun da suka bi ta hannun dillalai, galibi ta kasuwannin Erfoud da Rissani a Maroko, yawancinsu ba tare da an san takamaiman inda aka ɗauke su ba. Dutse yakan fashe a sama ya warwatsu a fili mai siffar ƙwai, tsawon kilomita da yawa, manya su zarce gaba, ƙanana su zube a baya. Idan aka rubuta wurin kowane ɓalli za a gane ta ina ya shigo, a kuma san inda za a nemi saura. Yau ko wayar hannu tana nuna lambobin wuri. A ɗauki hoto kafin a taɓa, a ajiye kwandala ko ashana a gefe don a ga girma, a rubuta rana da lokaci da nauyi. Wanda ya ga wutar a sama ya lura ta ina ta fito, ina ta nufa, ya kuma ƙirga tsakanin haske da ƙara: kowane sakan 3 kusan kilomita ɗaya ne, don haka minti ɗaya da rabi yana nufin wajen kilomita 30. Wutar tana mutuwa tun dutsen yana can sama, sauran tafiyar a duhu yake yinta, shi ya sa wanda ya rantse cewa a bayan gari ya faɗi yakan yi kuskure da nisan gaske. Kuma sabon faɗuwa ba ya ƙona hannu yadda ake zato. Fatar ce kawai ta narke, cikin da sanyinsa ya zo.

Ba duk baƙin dutse ne na sama ba, kuma ƙasar Hausa cike take da masu kama da shi. Kashin maƙera, wanda ke zube a tsofaffin wuraren narka tama, yana da ramukan kumfa. Dutsen sama kusan ba ya da su. Tama da marmara idan aka goga su a bayan tayil marar sheƙi suna barin jan layi ko ruwan ƙasa, dutsen sama kuwa da ƙyar yake barin alama. Na gaske yana da baƙar fata siririya da ba ta cika wuce milimita ɗaya ba, cikinsa ya fi fatar haske, wani lokaci da lotsattsun wurare kamar an danna babban yatsa a cikin laka. Ya fi dutsen gida nauyi a hannu: inda dutsen fa ke ninka nauyin ruwa mai girmansa sau 2.7, na sama na gama-gari 3.3 zuwa 3.7 ne, na ƙarfe zalla kusan 8. Hukuncin ƙarshe kuwa sai ɗakin gwaje-gwaje. Ya kamata a faɗi wannan ma da babbar murya, saboda kada labarin miliyan 5.3 ya sa matasa su bar gona su shiga sahara: mafi yawan duwatsun sama na gama-gari ne, kuɗinsu bai kama ƙafar na Mars ba.

Yanzu doka. Ƙungiyar masanan duwatsun sama ta duniya, mai ba da suna, sharaɗinta shi ne a ajiye giram 20 ko kashi 20 cikin 100, duk wanda ya fi ƙanƙanta, a wata cibiya da aka amince da ita. A dutse mai kilo 24.67, giram 20 bai kai ɗaya cikin dubu ba, kuma babu abin da ya ce cibiyar ta kasance a ƙasar da aka tsince shi. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta ambaci ma'adinan da ba a cika samu ba, amma tana aiki ne idan ƙasa ta sa abin a dokarta ta gida ta kuma iya nuna lokaci da hanyar da ya fita. Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. A Namibiya an mai da Hoba, ƙarfen sama mai tan 60, kayan tarihin ƙasa tun 1955. Afirka ta Kudu ta sa duwatsun sama cikin dokar kayan gado ta 1999. Wadda ta fi burge ni ita ce ta Denmak: dutsen na ƙasa ne, dole a miƙa shi gidan tarihi, amma gwamnati tana biyan wanda ya tsinta, kuma yadda ya kula da shi yana cikin abin da ake dubawa.

Dalilin da na fifita wannan a fili yake. Iyakar Nijar da Aljeriya da Libiya fiye da kilomita dubu ce ta yashi, dutse mai girman kan mutum kuwa yana shiga buhun gero. Haramcin da babu lada a bayansa ba ya hana fita. Abin da yake yi shi ne ya sa mai tsintuwa ya ɓoye wurin, dillali ya ce a wata ƙasa aka samu, farashin da makiyayi zai karɓa ya ƙara faɗuwa tunda yanzu kayan ɓoye yake sayarwa. Kowa ya yi asara sai na tsakiya. Abin da nake ganin zai yi aiki a Nijar da Najeriya shi ne a wajabta rajista kafin ciniki, da lambobin wuri da hoto. Ƙasa ta riƙe kaso mai tsoka na kowane dutse, ba giram 20 ba. Ta sami haƙƙin fara saye idan nau'in na musamman ne kamar na Mars ko na wata. Sauran na gama-gari a bar su su fita da lasisi da haraji. Ladan kuma a biya cikin makonni, ta hannun da mai tsintuwa ya yarda da shi, mai gari ko hakimi ya shaida. Idan sai ya yi shekara yana zarya a ofis, dillalin da ke biya nan take ya riga ya ci kasuwa.

Riƙe dutse kuma yana da nasa nauyin. Ɗakin ajiya yana buƙatar kabad mai rufi da abin tsotse laima, ma'auni mai auna ɗigon giram, zarto mai bakin lu'ulu'u da ake yanka da shi ba tare da ruwa ba, da littafin da ke nuna ko giram ɗaya ya fita, wa ya karɓa, yaushe zai dawo. Babban ɓangare na Zagami ya bar Kaduna a ƙarshen shekarun 1980 ta hanyar musaya da wani ɗan kasuwar Amurka, yau yankansa yana gidajen tarihi da akwatunan masu sha'awa a faɗin duniya. Kimiyya ta ƙaru da hakan, ba a musu. Amma ɗalibin Faskari nawa ne ya taɓa jin cewa garinsu yana cikin littattafan ilmin taurari? Hukumar binciken ma'adinai ta Najeriya za ta yi babban aiki idan ta wallafa jerin duk duwatsun saman da ke hannunta da nauyin kowanne, ta kuma fito da su inda 'yan makaranta za su gani.

Sudan ta nuna abin da jami'a za ta iya. Ranar 6 ga Oktoba 2008 wani madubin hangen nesa a Arizona ya hango dutse mai faɗin mita 4 ya nufo duniya, aka lissafa cewa cikin ƙasa da kwana ɗaya zai shigo ta saman arewacin Sudan. Da asubahin 7 ga wata ya fashe a saman hamadar Nubiya, karo na farko ke nan da aka ga dutse tun yana sama aka faɗi inda zai sauka. A Disamba Muawia Shaddad na Jami'ar Khartum da Peter Jenniskens daga Amurka suka jera ɗalibai sahu guda suna taka yashi a hankali. A ƙarshe aka tara ɓalli kusan 600, kimanin kilo 10.5, aka sa musu sunan tashar jirgin ƙasa ta shida da ke kusa, Almahata Sitta. Kayan aikin ɗaliban ido ne da ƙafa da na'urar nuna wuri.

Abin da zai kawo mu wannan matsayi ba ya buƙatar roka. Kyamara ce mai ruwan tabarau irin na idon kifi, wadda ke kallon sama gaba ɗaya, a kan rufin bene, da ƙaramar kwamfuta da agogon da ke karɓar lokaci daga tauraron ɗan Adam, da farantin sola da batir. Kyamara ɗaya ba ta isa ba, sai biyu ko fiye sun ga wuta ɗaya daga wurare masu nisa, sannan a haɗa layukansu a fitar da tsayi da gudu da inda ɓallin zai zuba, har da hanyar da dutsen ya bi yana kewaya rana. Faransa ta shimfiɗa fiye da 100 a tsarinta na FRIPON, tsakanin kowace da 'yar'uwarta wajen kilomita 80. Jami'ar Curtin ta yi irinsa a hamadar Ostireliya. A dubi taswira: Kano, Zariya, Katsina, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Sakkwato, kowane gari da jami'arsa, kuma tazarar da ke tsakanin maƙwabta a cikinsu ba ta fi ƙarfin wannan aiki ba idan aka cike giɓi da makarantun sakandare. Abokan gabar su ne ƙurar hunturu da ke dusashe sama ta kuma rufe gilashi, zafin bazara da ke kashe batir, da agogon da ya kauce ko da sakan ɗaya, wanda a gudun kilomita 15 a sakan zai kai masu nema wata ƙaramar hukumar daban. Maganinsu mutum ɗaya ne a kowace tasha mai goge gilashin duk mako, ya duba batir da agogo, da lambar waya guda da masu unguwanni suka sani, wadda za a kira a daren da aka ga tauraro ya faɗi aka kuma ji ƙararsa.